Ƙofar da Ta Buɗe a Waƙa ta Huɗu

Duk wanda ya ce maka da gangan muka yi kundin waƙoƙinmu na farko da ƙura da tsatsa, ka ce masa ni mai gangar na ce ƙarya yake. Ba salo ba ne, ba dabara ba ce. Makirfo ɗaya gare mu, shi ma na aro, kuma ɗakin da muka samu shi ne siton da ke bayan shagon Kawu, inda yake jibge firjin da masu su suka kawo gyara suka manta da hanya.

Mu uku ne. Ƙanina Auta shi ke waƙa da kaɗa jita, shi ke rubuta baitoci. Abokinsa, wanda muke kira Shiru saboda sai ka yi masa tambaya uku kafin ka samu amsa ɗaya, shi ke riƙe da babbar jita mai kaurin murya. Ni kuma ganguna. Kiɗan rok muke yi, irin wanda jita ke kururuwa ganga na bin ta da duka, wanda Inna ke cewa in ta ji sai ta ɗauka gidan maƙwabta ake rushewa. Tun ina ƙarama Kawu ya laƙaba min Guduma, don duk abin da na taɓa sai ya ji a jikinsa. Aikin da nake ci da shi guga ne a wani shagon wanki, a tsaye tun safe har la'asar ina lallaɓa rigunan mutanen da ba su san ina yi ba. Ranar hutu ce kaɗai tawa, kuma a kan fatar ganga nake sauke abin da na kwaso a mako.

Ga yadda muka ɗauki kundin. Auta ya ɗaure makirfon da igiyar shanya ya rataye a ƙugiyar fanka, ya jona shi da tsohuwar kwamfutar Shiru. Ba mu da na'urar da ake rage wannan a ƙara wancan, saboda haka da ƙafa muke daidaita sauti. Wanda ƙararsa ta yi yawa ya ja baya, wanda tasa ta yi ƙasa ya matso. Auta ya tsaya daidai ƙarƙashin makirfo yana miƙa wuya. Sifikar Shiru muka tura ta ƙurya, bayan wani mataccen firji. Ni kuwa duk inda aka ajiye ni sai na cinye su, har dai aka kwashe ni da ganguna aka fitar da ni lungun da ke tsakanin siton da banɗaki. Ƙofar sito ta zama ita ce makunnin ƙarata. In waƙar mai sanyi ce a buɗe ta faɗin tafin hannu, in mai zafi ce a bar yatsa biyu, sannan a tokare ta da silifas ɗin Kawu, don ƙofar karkatacciya ce, da an sake ta take wangalewa.

Haka na buga waƙoƙi tara ban ga fuskar kowa ba. Ta tsagar ƙofa nake jiyo su, warin banɗaki yana dukan hancina. Kuma tashi ɗaya ake ɗaukar komai, in mutum ɗaya ya kuskure kowa ya koma farko. Mun roƙi Kawu ya kashe firjin da yake gwadawa, ya ce ba zai yiwu ba, firji in an yi masa aiki sai ya wuni a kunne kafin a san ko ya warke. Shi ya sa daga farkon kundin har ƙarshensa akwai wani gurnani a ƙasa da ba ya ɗaukewa.

Waƙa ta huɗu sunanta "Ku Dawo Gobe". Auta ya rubuta ta ne bayan ya gaji da zagayen ofisoshi da takardunsa a leda. Ranar da za mu ɗauke ta ni ma na zo da nawa a ciki. Ana gobe, wani mutum ya zo karɓar kayansa a shagonmu, ya ɗaga riga ya hango wani ɗan layi a hannunta da ko tururuwa ba za ta yi tuntuɓe da shi ba, ya dunƙule rigar ya jefa min a fuska a gaban mutane. Mai shago ta ce in ba shi haƙuri. Na ba shi. Na kwana da abin a raina, na tashi da shi, na zo na zauna da shi a lungu.

Muna tsakiyar waƙa silifas ya zame. Ƙofar ta yi wani dogon kuka ta wangale, ganguna suka afka ɗakin gaba ɗaya. Na gani sarai, ban tsaya ba. Hannuna ya riga ya tafi, yana ƙara sauri ni ma ina bin sa a baya. Auta da ya ji ana shirin binne shi da rai sai ya bar waƙa ya koma ihu har muryarsa ta tsage, Shiru ya biyo mu a guje yana haɗa gumi. Muka isa ƙarshe a tarwatse, kowa da inda ya tsaya. Sai ga muryar Kawu daga shago yana tambaya ko mun gama ko ya kira 'yan kwana-kwana. Duk wannan ya shiga. Mun so mu sake, amma mai makirfo ya riga ya iso yana jiran abinsa a bakin shago. Muka bar ta a haka muna cewa wata rana ma gyara.

Auta ne ya matsa a kai wa wani mai situdiyo ya ji. Mutumin yana da ofis a kan bene, da kafet mai cinye ƙafa, da wasu fararen takalma da ban ga alamar ƙasa ta taɓa ganinsu ba. Tun ranar nake kiransa Farin Takalmi. Da muka shiga Auta ya ce ga yayata, ita ce mai ganga, don haka ya san ko wace ce ke zaune a gabansa. Ya sa kundin yana ɗan taɓa nan ya taɓa can. Da ya zo ta huɗu sai ya tsayar, ya yi dariya har da share ido. Ya ce wa Auta baitocinsa suna da kyau, muryar ma za ta gyaru.

"Matsalarka ɗaya ce," ya ce masa, "gangar nan. Gudu take kamar an bar tukunya a wuta. Wannan ai ba kiɗa ba ne, faɗa ne."

Ya ci gaba da bayani, duk ga Auta, ni kuwa kamar kujerar da aka shigo da ita. Ya ce tunda da makirfo ɗaya aka ɗauka ba yadda za a zare gangar a bar sauran, sun cakuɗe. Sai dai a sake komai a wurinsa, a tsabtace, a sa na'ura ta buga ganga, don ita ba ta gudu ba ta gajiya. Na juya na kalli Auta. Yaron da na goya, wanda na koya wa ƙirga bugu da cokali a bayan kwano. Uffan kawai nake jira ya ce. Yana can ya ƙura wa kafet ido kamar a ciki aka rubuta masa amsa.

Bai buɗe baki ba sai da muka isa gida muka tarar da Inna tana ninke kaya a falo. Wataƙila ya ga a gabanta ba zan cinye shi ba.

"Yaya," ya ce, "gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Wannan kundin kaɗai. Ki ɗan huta, in an samu shiga sai ki dawo."

"In huta," na ce. "Ni na ce maka na gaji?"

Ya ce in gane, dama ce da ba ta zuwa sau biyu, kuma na'ura ba ta gudu. Na ce masa haka ne, na'ura ba ta gudu, shi ya sa ba ita ta ruga da shi asibiti a baya ba ranar da ya haɗiyi maɓalli. Na faɗi wasu maganganun ma da ba sai na maimaita ba. Inna ta ce duk wanda ya sake ɗaga murya a ɗakinta ya fita waje. Sannan ta ɗauki zanin da take ninkewa ta ce ita dai tun asali ba ta son hayaniyar nan tamu, amma yau ta ga abin da ake nufi da naka shi ke ba da kai. Auta ya tashi ya fita.

Abin da ya fi ci min rai shi ne dariyar mutumin ta shige ni. Na sake jin ta huɗu ni kaɗai, na ji gudun da yake faɗa, kunya ta rufe ni, kunyar ta juye ta zama fushi. Na rantse ba wanda zai sake yi min dariya a kan ganga. Na sauke wata manhaja a waya wadda ba ta da aiki sai ƙwas, ƙwas, ƙwas, ba ta gaba ba ta baya, don mai kiɗa ya ɗaure hannunsa a kai. Na sa ta a kunne ina guga, dutsen guga yana tafiya da ita. Da ita nake wanke-wanke, da ita nake taka titi. Ranar hutu in tafi lungun Kawu ni kaɗai in zauna in bi ta. Duk sanda hannuna ya yunƙura zai tafi sai in tsaya in koma farko, wani lokacin har in make shi da sandar. Kawu ya leƙo wata rana ya ce kiɗan nawa ya koma kamar famfo mai ɗiga, ya tambaya ko lafiya. Na ce masa lafiyar ce ta kawo haka. Watanni na yi a kai, har ya zama ko na cire abin daga kunne ina jin sa.

Ashe Shiru, da ba wanda ya tambayi ra'ayinsa tun farko, ya yanke nasa hukuncin. Ya ɗauki kundin yadda yake, da gurnanin firji da muryar Kawu da komai, ya ɗora a intanet, ya sa hoton ƙofar sito a bango. Bai gaya wa kowa ba, kuma dama wa zai gaya wa, shi da gaisuwa ma sai an ja shi.

Ni a wurin aiki na fara sani. Wata nas da ke kawo mana fararen kayanta ta shigo da abin sauraro a kunne, ƙarar tana tsiyayowa waje. Ina laluba aljihunan kayan sai na ji wani abu da na sani kamar yadda mutum ke gane tarin uwarsa a cikin taro. Gangata ce. Na tambaye ta me take ji. Ta zare ɗaya ta miƙo min, ta ce wasu mahaukata ne da suka yi waƙa a shagon firji. Ta ce a ɗakinsu na canza kaya a asibiti kullum sai an sa ta huɗu in an tashi aiki. Kowa sai ya yi tsit ana jiran ƙofar, da ta buɗe sai a hau dukan akwatunan ƙarfen da suke ajiye kaya da tafin hannu. Shugabarsu ta hana, daga baya aka kama ta ita ma tana yi.

"Mai gangar nan," ta ce, "ko waye, an ɓata masa rai ranar. Ni dai na gode masa."

Na ce mata kayanta za su fito jibi. Da ta fita na shiga bayan labule na zauna a kan buhun wanki.

Daga nan abin ya zama kamar wutar daji. Na ji shi a shagon aski, na ji shi yana fitowa ta tagar wani ɗakin ɗalibai. Shiru ya zo ya miƙo min wayarsa, na yi ta karanta abin da mutane ke rubutawa. Wani ya ce gurnanin firjin nan irin na ɗakin mahaifiyarsa ne sak, tun da ta rasu bai ji shi ba sai a kundinmu. Wata ta ce an ce mata ta dawo gobe har ta daina ƙirgawa, yanzu in ta fito daga ofis sai ta sa ta huɗu ta yi ihun tare da Auta a cikin gyalenta. Wani ya ce duk waƙoƙin da yake ji kamar daga sama ake sauko da su, wannan ce kaɗai ya ji mutane ne a ɗaki, masu gumi, masu kawu. Akwai ma waɗanda suka yi rubutu da harsunan da ba mu sani ba, ba su jin ko kalma ɗaya ta Auta, amma sun san inda ƙofar take. Matasa suka fara zuwa shagon Kawu ɗaukar hoto da ita. Bai hana kowa ba, sai dai duk wanda ya zo sai ya kama masa an matsar da firji kafin ya tafi.

Ana cikin haka kundin da suka sake ɗauka a wurin Farin Takalmi ya fito, wanda suka shafe watanni suna gogewa. Komai a wurinsa, muryar Auta sumul kamar an yi mata guga da sitati, gangar na'ura tana tafiya tiryan-tiryan. Mutane suka ji suka wuce. 'Yan kaɗan da suka tsaya yin magana tambaya ɗaya suke yi, ina ƙofar, ina mai gangar. Wani ya rubuta cewa wannan da yake kukan an ce ya dawo gobe, daga jin muryarsa ya riga ya samu aikin.

Ba zan ce ban ji daɗi ba. Na ji, na wuni guda. Washegari ina guga rediyon shago yana kunne sai ga muryar Farin Takalmi ana hira da shi. Wai shi ne ya gano yaran, wai tun ranar farko ya ce musu kada su taɓa komai, gaskiyar sauti ta fi ado. Ya shafa wa idonsa toka yana ta zuba, har yana kiran kukan ƙofar da wani dogon suna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na tsaya sauraro har sai da na ji ƙauri, na ƙona wuyan rigar wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba. A makon ya aiko a ɗauki gurnanin firjin Kawu, ya kuma nemi a sayar masa da ƙofar. Kawu ya ce ƙofarsa ba ta sayarwa ba ce, in aka cire ta warin banɗaki zai shiga sito.

Sai ga Auta a shagonmu wata rana da hantsi, ya tsaya a bakin tebur yana murza hula. Na bar shi a tsaye na gama rigar da ke hannuna, na ɗauko wata, na gama ta ita ma. Ya gaishe ni na amsa ina kallon dutsen guga. Ya ce za a yi kundi na biyu, kuma mutumin ya ce ba zai yiwu ba sai da ni. Na tambaye shi ina na'urar da ba ta gudu, ko ita ma ta ɗan huta ne. Ya daina murza hular.

"Yaya, na yi kuskure," ya ce. "Ranar nan ya kamata in yi magana, ban yi ba. Ki zo ki buga, wurinki ne."

Na so in ce a'a, maganar har ta zo bakina. Amma ina son in ga fuskar Farin Takalmi sanda zai ce min sannu da zuwa. Kuma gaskiyar magana na yi kewar jin jitar yaron nan ta tsagar ƙofa. Ban da haka akwai abin da na tanada wanda ba su sani ba. Ina so in zauna a gaban mutumin nan in buga masa kiɗan da ko da fitila ya bi ba zai samu inda zai yi dariya ba.

Da na shiga situdiyon sai na tsaya. Sun gina lungu. Da katako suka yi shi a tsakiyar kafet, an shafa masa fenti mai datti-datti, an sa masa tsohuwar ƙofa da aka samo ban san daga ina ba, an ɗaura mata igiya don a ja ta buɗe daidai inda ake so. Har silifas sun sayo, sabo fil, lambar kanti ba a ko ɓare ba. Gurnanin firjin Kawu yana fitowa daga kwamfuta, ana iya ƙara shi a rage. Farin Takalmi ya taso baki har kunne yana ce min Malama, ya ce duk abin nan don ni aka yi, in saki jiki kamar ina gida. Shiru yana gefe da jitarsa, ya kalle ni ya kalli silifas ɗin ya kawar da kai.

Na zauna, muka fara. Sabuwar waƙa ce mai zafi, Auta ya rubuta ta da kyau, wannan ba zan hana shi ba. Na buga ta daga farko har ƙarshe, aka ja igiya a tsakiya ƙofa ta buɗe, na wuce abina ko gezau. Da muka tsaya na ɗaga kai ina jiran in ga bakin mutumin ya mutu. Sai na ga ya yamutsa fuska. Ya ce ya yi kyau, amma ba wannan ake nema ba. In an buɗe ƙofa in tafi, in yi gudun nan nawa, irin na da.

Ka ji fa. Abin da ya yi wa dariya har da hawaye, shi yake roƙo yanzu da ladabi. Na haɗiye abin da ya taso min, na ce to. Muka sake. Ƙofa ta buɗe, na ce wa hannuna tafi. Ya ƙara ƙarfi, bai ƙara sauri ba. Muka sake, na ƙara saurin da gangan, sai ya fito a shirye kamar mai hawa matakala, Farin Takalmi ya ce wannan lissafi ne, kowa zai gane. Muka sake, muka sake. Gumi ya jiƙa min baya. A cikin kaina ba abin da ke tashi sai ƙwas, ƙwas, ƙwas, kuma duk inda na jefa sanda a kansa take sauka.

Na ga mutumin ya ja Auta gefe suna ƙus-ƙus. Auta yana girgiza kai, shi yana dafa masa kafaɗa. Aka ce a sake ɗaya. Muna zuwa tsakiya, ƙofar na buɗewa, sai wani abu ya faɗo min a fuska ya rufe min ido. Riga ce, dunƙulalliya. Farin Takalmi ne ya jefo ta daga bakin ƙofa, yana yi min alama da hannu in ci gaba, in ci gaba.

Mutum ɗaya na taɓa gaya wa zancen rigar nan a duniya, Auta ne, kuma yana tsaye a gabana da jita.

Ban taɓa jin fushi irin na lokacin ba, na ranar farko wasa ne. Idona ya rufe, kunnuwana suka yi zafi. Ban tsaya ba. Na hau gangunan nan da duk abin da ke jikina, sanda ɗaya ta karye na ci gaba da guntun, farantin ƙarfe ya kife ya yi ta juyi a ƙasa. Na ji Auta ya daina waƙa, na ji Shiru ya tsaya, ni kaɗai na kai ta ƙarshe. Da na sauke hannu ɗan yatsana yana jini.

Farin Takalmi ya koma gaban kwamfutarsa da sauri. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo da allon ya nuna mana. Wasu layuka ne a tsaye a jere, ya ce su ne ma'aunin lokaci, ga kuma buguna a kansu. Kowane ɗaya ya sauka a kan layinsa, tun daga na farko har na ƙarshe, har waɗanda na yi da karyayyiyar sanda.

"Malama," ya ce, "ko na'urata ba ta kai ki daidai ba."

Ya sosa ƙeya, sannan ya ce ba komai, abin da sauƙi. Zai ɗauko tsohuwar waƙar ya auna yadda na yi gudun a can, ya koya wa na'ura ta yi irinsa. Ya ce har 'yan kurakuran ma za a iya sa mata. Yana faɗa yana danne-danne, ya riga ya manta ina wurin.

Auta ya ajiye jita ya zo ya durƙusa a bakin lungun katakon. Bai kalli fuskata ba, hannuwana yake kallo.

"Yaya," ya ce a hankali, "me kika yi wa hannunki?"

"Abin da kuka ce a yi masa," na ce.

Na ɗauki jakata. Rigar tana nan a ƙasa inda ta faɗi, na taka ta na wuce. Shiru ya biyo ni har ƙasan bene ya tsaya kusa da ni a bakin titi. Da mota ta zo na shiga, shi ya koma ɗaukar jitarsa.

Motar a cike take, na samu wuri a baya kusa da wata mata mai kwandon kaya a cinya. Ba mu yi nisa ba direba ya ƙara rediyo, sai ga gurnanin firji, sai ga jitar Auta. Wasu samari a gaba suka gyara zama. Matar ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce in saurara, yanzu mai gangar za ta haukace, wai an ce mace ce. Ta ajiye tafinta a kan kwando tana jira.

Ni ma na ajiye nawa a gwiwa. Da wurin ya zo motar gaba ɗaya ta ɗauka, ana dukan kujera ana dukan gilashi, matar nan tana dukan kwandonta tana dariya. Na bi da yatsuna. Bugu na farko muna tare, na biyu muna tare, daga nan yarinyar da ke cikin rediyo ta fara yi min nisa. Na san duk inda za ta sa hannu, na san abin da aka yi mata, na ciji leɓe na bi ta da iya ƙarfina. Ta tafi ta bar ni a baya ina ƙwas, ƙwas, ƙwas a kan gwiwata.

Matar ta lura. Ta dubi hannuna da jinin da ya bushe a yatsa, ta dafa ni da tausayi.

"Kada ki damu, 'yar'uwa," ta ce. "Ba kowa ke iya bin ta ba."